DARASI: Ƙaƙa ake samun ɗiyan tarwaɗa a cikin gida

Ƴan'uwa makiyaya da manoma, darasinmu na wannan karo a kan kifi ne. Wani zai ce: mi ya haɗa mai garke da kifi? Ai tabkin da ka ke shayar da bisashenka shi ne gidan kifi. Takin da ke tare a turkenka shi ne mafarin abincin ɗiyan kifi. Kuma wanda ya saba kwana a kan tunkiya mai naƙuda ya riga ya san rabin aikin da za mu faɗa.

Tarwaɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tana cikin kogin Isa, tana tabkin Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, da sauran tabkunan da ba su ƙafewa. Ɗanya ko banda, ba ta kwana a kasuwa. Shi ya sa mutane ke gina rami a garka, ko wurin ruwa na siminti a gida, su yi kiwonta. Wahalarsu guda ce: iri. Wasu sukan tafi nesa, har su tsallaka Nijeriya su sayo ɗiya, zafin hanya ya kashe da yawa kafin a iso gida. Wasu sukan kamo a tabki, a samu manya da ƙanana a gauraye, manyan su cinye ƙananan.

To, ana iya samun irin nan a cikin gida, da rabin tano da baho. Amma ka ji gaskiya tun yanzu: babbar tarwaɗa tana da taurin rai, ɗiyanta ba su da shi. Sati 4 na farko su ne aikin. In ka san za ka bi bisashe daji a lokacin, ka bari sai ka dawo, ko ka koya wa wanda zai zauna gida, mace ko namiji.

1. Mu san tarwaɗa tukuna

Tarwaɗa ba ta da ɓawo, jikinta yauƙi ne, tana da gashin baki guda 8. Fiffiken bayanta guda ne, dogo, daga bayan kai har kusa da wutsiya. Ramboshi ya yi kama da ita, amma nashi biyu ne, na baya tsoka ce. Kada ka haɗa su.

A cikin kanta akwai wani abu mai rassa kamar ƙaramin icce. Da shi ta ke shaƙar iskar sarari, shi ya sa ta ke rayuwa cikin taɓo. Ɗiyan da aka ƙyanƙyashe ba su da wannan abu tukuna. Sai sun yi sati 2 zuwa 3 ya ke fara aiki. Kafin nan, iskar da ke narke cikin ruwa kawai su ke shaƙa. Ruwa ya lalace, sun mutu.

A daji, tarwaɗa tana ƙwai da damana. In tabki ya cika ya hau kan ciyawa, mace da namiji su fito bakin ruwa da dare. Mace ta watsa ƙwai, namiji ya zuba ruwansa, ƙwan ya manne ga ciyawa. Daga nan su yi tafiyarsu, ba kwanci ba reno.

A cikin baho ko ramin kiwo, mace tana cika da ƙwai amma ba ta sakinsa. Sai an yi mata allura an tatse ta. Namiji kuma ba ya tatsuwa, sai an yanka shi an ciro marainansa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne damana, daga watan 6 zuwa watan 9. Matan sun cika da ƙwai, kuma zafin ruwa yana daidai, digiri 26 zuwa 30. Da ɗari ruwa ya yi sanyi, ƙwai ya daɗe bai ƙyanƙyashe ba, ya yi fumfuna. Da bazara ruwan baho yana iya zafin da zai kashe ɗiya.

2. Kayan aiki

Ga abin da za ka tanada:

- tanon roba mai litar 200, a raba shi biyu a tsaye, ya zama kwami biyu;
- wani tano cikakke na ajiyar ruwa, a ɗora shi bisa tudu;
- baho 3 ko 4 da bokiti;
- siririn tiyo, metir 2;
- ragar taga ta roba, mai ido milimetir 1, a ɗaure ta ga katako kamar rariya;
- ƙyalle mai laushi na tata, da tsumma mai tsabta;
- kwanon roba busasshe, gashin kaza, sabuwar reza, sirinji da allura;
- ma'aunin zafi, sikeli, da agogo;
- rumfa da zana don inuwa.

Hattara da abu ukku. Na ɗaya, sangen da ake rabawa a gidan likita yana da maganin sauro a jikinsa, kuma maganin nan guba ne ga kifi. Kada ka yanka shi ka yi rariya ko koma. Na biyu, duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin kaska, maganin fara, maganin feshin wake ko man mota, ba ya shiga wannan aiki, ko an wanke shi sau goma. Ran da ka yi wa bisashe wankan kaska, kada ka sa hannu a ruwan kifi. Na ukku, sabon siminti yana da kaifi. A cika wurin da ruwa, a riƙa zubarwa ana sakewa har sati 2 kafin a sa kifi.

Kada a kafa rumfar ƙarƙashin aduwa. Ƴaƴanta da ɓawonta suna kashe kifi in sun jiƙa cikin ruwa.

3. Ruwa

Ruwan rijiyar da mutane ke sha ya isa, in ba mai kanwa ba ne ko mai zartsi. Amma ruwan da ya fito daga ƙasa iskarsa kaɗan ce. Ka zuba shi daga sama ya yi kumfa, ka bar shi ya kwana a tano. Ruwan pampo na gari yana da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Shi sai ya kwana 2 a buɗe kafin ya shiga kwamin kifi. Ruwan tabki kuwa yana zuwa da ƙwari da ƙwan kwaɗi, kada ka ƙyanƙyasa a cikinsa.

Tanon ajiya ya zauna cikin inuwa guda da kwamin, don zafinsu ya zama ɗaya. Ka ja tiyo daga tanon zuwa kwamin, ka matse bakinsa ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali dare da rana. A ɗaya gefen ka huda mafita, ka toshe ta da ƙyalle don ɗiya kada su bi ruwa. Abin da ya fita ka tare shi a bokiti ka ba shuka, taki ne.

4. A fara da abinci tun ba a yi allura ba

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sai ɗiya sun fito sa'annan a shiga neman abin da za a ba su. Bakin ɗan tarwaɗa mai kwana 3 bai kai ya haɗiye dussa ba, cikinsa ma bai iya narka ta. Abincinsa na farko ƙananan halittu ne masu rai da ke yawo cikin ruwan tabki. Su ne dakashinsa.

Ga yadda ake kiwonsu. Kwana 8 zuwa 10 kafin allura, ka aje babban baho ko ka yi ɗan rami ka shimfiɗa leda mai kauri, a wurin da rana ke bugu da safe. Ka cika da ruwan rijiya. Ka ɗaure busasshen kashin kaji ko na tumaki, kamar cikin tafi biyu, a tsumma, ka rataya shi cikin ruwan. Ka ɗebo bokiti guda na ruwan tabki, ka tace da raga don ƙwari su tsaya, ka zuba a ciki. Wannan shi ne irin.

Bayan ƴan kwanaki ruwan zai yi kore. Ka ɗebo a kwalba ka ɗaga ta wajen haske. In ka ga ƴan ɗigo-ɗigo kamar ƙura suna tsalle, abinci ya samu. Gara ka yi baho biyu, ka sa kwana 4 tsakaninsu, don in ɗaya ya ƙare ɗaya ya kama.

Taki yana tsayawa a wannan baho. Ba ya shiga kwamin ɗiya ko kaɗan. Kuma wajen ɗiban ruwan tabki kada ka aiki yara su shiga, saboda tsargiya.

5. Zaɓen iyaye

Yadda ba ka barin kowane bunsuru ya hau awakinka, hakanan a nan. Ka zaɓi kifi mai lafiya, marar rauni, marar karkataccen baya, wanda ya kai shekara guda, mai nauyin rabin kilo zuwa kilo 1. Mace da namiji kada su zama ɗiyan uwa guda.

Ka juya kifin ka duba bayan mafitar kashi. Namiji yana da ɗan tsiro dogo mai tsini. Na mace gajere ne, zagayayye, da tsaga a tsakiya. Macen da ta shirya cikinta ya kumbura ya yi laushi, mafitar ta yi ja-ja. In ka danna cikin a hankali, ƴan ƙwai za su fito. Ka dube su: in girmansu ɗaya ne, launinsu kore-kore mai ruwan ƙasa, ta yi. In farare ne, ko manya da ƙanana a gauraye, ka mai da ita.

Ka tanadi mace 1 da maza 2, don wani namijin in an buɗe shi sai a tarar ba komi. Kowane a bahonsa, da murfi da dutse a bisa. In ka haɗa su za su ciji juna, in ka bar su a buɗe za su yi tsalle su fita. Kada a ba su abinci kwana guda kafin aiki. Wajen kamu, ka rufe kan da jiƙaƙƙen tsumma, kifin zai natsu. Ka kula da ƙayoyi biyu na gefen ƙirji, sukarsu tana da zafi.

6. Allura

Hanya biyu ce.

Ta farko, maganin kwalba, irin su Ovaprim. Ana ba mace rabin mililitar ga kowane kilo na nauyinta. Mai rabin kilo ke nan rubu'in mililitar. Ka duba ranar lalacewarsa, ka aje shi wuri mai sanyi da duhu.

Ta biyu ba ta son kuɗi, tana son hannu. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowace babbar tarwaɗa akwai wata ƴar ƙwaya fara-fara, kamar ƙwayar hatsi. Ma'aikata suna ce mata ipofiz. Ita ke ba jiki umurnin sakin ƙwai. Ana yanka wata tarwaɗa, mace ko namiji, wadda nauyinta ya kai na macen da za a yi wa allura. A cire kai, a cire haɓar ƙasa, a fasa ƙashin ganda daga ciki, a ɗauko ƙwayar. A murje ta nan take cikin mililitar 1 na ruwan gishiri, a zuƙe da sirinji. Ruwan gishirin shi ne garam 9 na gishiri cikin litar 1 na tafasasshen ruwa da ya huce. Ana kuma sayar da shi a farmasi, wanda ake ƙarin ruwa da shi. Mai bin wannan hanya yana son kifi guda na ƙari.

Wurin allura shi ne tsokar baya, gefen dogon fiffiken. A karkata allurar ta fuskanci wutsiya, a shiga kamar santimetir 2, a tura a hankali. In an zare a murza wurin da yatsa. A mai da macen bahonta ita kaɗai, a rufe, a rubuta lokaci.

Karon farko kada ka yi kai kaɗai. Ka nemi ma'aikacin kiwo ko na gandun daji da ya taɓa yi, ka gani da idonka. Gani ya kori ji.

Yanzu ka auna zafin ruwa, don shi zai gaya maka lokacin tatsa:

- digiri 25: tatsa bayan awa 11, ƙyanƙyasa kamar awa 27 bayan haɗawa;
- digiri 26: tatsa bayan awa 10, ƙyanƙyasa awa 25;
- digiri 28: tatsa bayan awa 8, ƙyanƙyasa awa 22;
- digiri 30: tatsa bayan awa 7, ƙyanƙyasa awa 20.

Wannan lissafi na ipofiz ne. Da maganin kwalba yakan ɗan ƙara daɗewa. Misali: ruwa yana digiri 28, ka yi allura ƙarfe 10 na dare, tatsa ta faɗo ƙarfe 6 na safe. Tun da asuba ka fara dubawa. In ka taɓa cikin ƙwai ya zubo da kansa, lokaci ya yi. In ka yi gaggawa ƙwan ba ya fita sai da ƙarfi, kuma ba ya ɗaukar ruwan namiji. In ka makara ta zubar da shi a baho, ko ya lalace a cikinta.

7. Tatsa da haɗawa

Dokar wannan mataki guda ce: kada ɗigon ruwa ya taɓa ƙwai ko ruwan namiji kafin a haɗa su. Hannu busasshe, kwano busasshe.

Ka fara da namiji. Ka kashe shi, ka buɗe cikin da reza ba tare da ka huda hanji ba. Ka kau da hanjin gefe. Maraina biyu suna kwance jikin ƙashin baya, dogaye, masu baki kamar tsefe. Masu kyau farare ne kamar madara. Ka ciro su, ka goge jini da tsumma, ka aje a busasshen kwano cikin inuwa. Naman ya tafi tukunya, ba a yi asara ba.

Sa'annan mace. Mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe kai da tsumma, ɗaya ya riƙe wutsiya. A goge cikinta ya bushe. Ka riƙa shafa cikin da babban yatsa daga ƙirji zuwa mafita, a hankali, kamar mai tatsar akuya mai ciwon hantsa. Ƙwai zai zubo cikin kwano. Da ka ga jini, ka tsaya. A mai da ita ruwa mai tsabta ita kaɗai. In ta samu abinci, bayan kamar wata 2 tana iya sake yi. Uwar garke ce, ba ta tukunya ba.

Ka tsattsaga bakin marainan da reza, ka matse farin ruwan bisa ƙwan. Ka gauraya da gashin kaza. Sa'annan ka zuba ruwa mai tsabta, kwatankwacin yawan ƙwan, ka ci gaba da juyawa minti 1. Ruwan nan shi ke tada ƙwayoyin namiji, kuma ƙarfinsu ba ya wuce minti guda. Shi ya sa muka ce kada ruwa ya riga ka.

Daga nan ƙwai zai fara danƙo. Maza ka watsa shi bisa rariyar da ke nutse cikin kwami, kamar yatsa 3 ƙarƙashin ruwa. Ka baza shi ɗai-ɗai, kada ya hau kan juna. Inda ya dunƙule, nan zai ruɓe. In ba raga, saiwar kainuwa da aka wanke sarai tana yi, ƙwan zai manne mata.

Ga wani lissafi da ya kamata ka riƙe. Garam 1 na ƙwai ya kai ƙwaya 600. Mace mai rabin kilo tana iya ba da garam 50, wato ƙwai 30.000. Rabin tano ba ya ɗaukar wannan. Ƙaramin cokali guda, kamar garam 5, ƙwai 3.000 ke nan, ya ishi kwami guda. Kwaɗayin zuba duka shi ke sa a rasa duka. Don haka aikin ya fi kyau a ƙungiya: mace guda ta ishi gida 10. Kowa ya shirya kwaminsa kusa, a tatsa wuri guda, a raba nan take.

8. Ƙyanƙyasa da kwana ukku na farko

Ka rufe kwamin da zana, ruwa yana tsiyaya. Zurfin ruwa santimetir 15 ya isa. Bayan ƴan awoyi ka duba. Ƙwai mai rai yana nan kore-kore, ana ganin cikinsa. Wanda ya mutu ya koma fari. In farin ya taru wuri guda ka cire shi, don fumfuna daga gare shi ta ke kama mai rai.

In lokaci ya yi, ɗiya za su fasa su faɗa ƙasa ta idon raga. Tsawonsu bai wuce milimetir 5 zuwa 7 ba, kamar ɗan zare mai ƙulli. Ka ƙara awa 3 ko 4 don na baya su fito, sa'annan ka ɗaga rariyar a hankali, da ɓawo da mataccen ƙwai, ka fitar. Kada ka bar ta ta kwana a ciki.

Ƙullin nan da ke cikinsu guzuri ne. Shi za su sha har kwana 3. A kwanakin nan ba a ba su komi. Abinci a lokacin ƙazanta ce kawai.

Ɗiyan tarwaɗa ba su son haske. Ka rufe gefe guda na kwamin ya yi duhu, ka bar ɗaya gefen da ɗan haske. Masu lafiya za su taru cikin duhu. Matattu da nakasassu za su saura a fili, sai ka zuƙe su da tiyo.

9. Ciyarwa da tsabta

Ran kwana na 3 zuwa na 4 guzuri ya ƙare. Za ka gan su sun yi baƙi, sun fara yawo suna nema. To, a fara ba su.

Ka ɗebo koren ruwan nan, ka fara tace shi da raga don ƙwari da tsutsar sauro su tsaya. Sa'annan ka tace da ƙyalle mai laushi. Abin da ya saura bisa ƙyallen shi ne abincin. Ka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta ka juye a kwami. Sau 5 ko 6 a yini, har da dare, don tarwaɗa da dare ta fi ci. Ka ɗebo ɗiya kaɗan a kwalba ka duba: in cikinsu ya yi tulu, sun ƙoshi.

In abincin mai rai ya kasa, a taimaka da gwaiduwar dafaffen ƙwan kaza. A ɗauki kamar ƙwayar wake, a murje cikin ƙyalle a ruwa. Amma gwaiduwa tana ɓata ruwa da sauri, kuma ita kaɗai ba ta rayar da su. Ta cike giɓi ce.

Daga kwana 10 zuwa 14 ka fara haɗa masu da gari. Garin busasshen kifi da aka daka aka tankaɗe shi ne kan gaba. Ana ƙara ɗan garin ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji. In akwai abincin kanti na ɗiyan kifi, mai laushi kamar gari, ya fi. Kada ka yanke na farko rana ɗaya. Ka riƙa rage wancan kana ƙara wannan har kwana 4 ko 5, kamar yaye. In sun ƙara girma, gara da tsutsa da tsutsar sauron da ka tace duk abinci ne. Dussa kaɗai ba ta gina ɗan tarwaɗa, shi mai cin nama ne.

Ka ba da kaɗan, ka tsaya ka gani. Abin da ba su cinye ba cikin rubu'in awa ya yi yawa.

Safe da marece, kafin ciyarwa, ka zuƙe ƙazantar ƙasan kwami da tiyo. Ka zuba abin da ka zuƙo a baho ka duba, ka mai da ɗiyan da suka biyo. Kowace rana a sake kashi 1 cikin 3 na ruwan, ko rabi, da ruwan tanon ajiya. Kada a juye duka a zuba sabo.

Ga alamun da ke cewa ruwa ya lalace: wari, kumfar da ba ta fashewa, ɗiya sun rataye a tsaye a saman ruwa, ko sun ƙi abinci. In ka ga haka, ka tsai da ciyarwa, ka sake rabin ruwa nan da nan, ka ƙara tsiyayar tiyo. Kada ka fara da neman magani. Yawancin mutuwar ɗiya daga ruwa ne da yawan abinci.

Kwamin ya zauna a rufe da raga. Kwaɗo, talibambam, ƙwarin ruwa, kaji da tsuntsaye duk maƙiya ne. A ƙofar rumfa a sa ƙyaure, don awaki kada su sha ruwan, ƙananan yara kuma kada su faɗa cikin tano.

10. Rabe manya da ƙanana

Wani zai ce: ɗiyana ba su mutu ba, ban ga gawa ba, amma kullum raguwa su ke. Ka duba da kyau. Za ka ga ƴan kaɗan da suka ninka sauran girma. Su ke haɗiye ƴan'uwansu. Tarwaɗa tana cin duk abin da ya shiga bakinta, ko ɗan uwarta ne.

Daga kwana 10 zuwa 14 ka fara rabewa, sa'annan kowane sati. Da sanyin safiya, kafin abinci, ka rage ruwa, ka kwashe manyan da ƴar rariya ka kai su wani baho. A yi manya, matsakaita, ƙanana, kowa da wurinsa. Ba ka haɗa ɗan rago da raguna a kwamin dussa guda, to haka ne. Yunwa, cunkoso da haske mai yawa suna ƙara cin juna. A wannan lokaci ne kwami na biyu ke amfani: ɗiya suna girma, wuri yana ƙara yi masu kaɗan, sai a raba, a ƙara zurfin ruwa zuwa santimetir 25 ko 30.

11. Fitar da su

Bayan sati 6 zuwa 8, in an kula, ɗiya sun kai tsawon yatsa. Sun fara hawa sama suna shaƙar iska, sun yi ƙwari. Yanzu ana iya sayar da su ko a zuba a wurin kiwo. Ko kashi 1 cikin 10 ne ya rayu, cokali guda ya ba ka ɗiya 300. Karo na biyu hannunka zai fi na farko.

Kwana guda kafin tafiya a hana su abinci. A ɗauke su da asuba, cikin bidon da aka yanke samansa, ruwa rabi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. In an isa kada a juye su kai tsaye. A riƙa zuba ruwan wurin cikin bidon kaɗan-kaɗan har zafin ya daidaita, sa'annan a karkata su fita da kansu.

Wurin kiwo ya zama mai riƙe ruwa wata 5 zuwa 6 ko fi. A kewaye shi, don tarwaɗa tana fita ta ja ciki a ƙasa daren da aka yi ruwa. In tabkin gari ne, ba naka ba ne kai kaɗai. A zauna da mai gari, sarkin ruwa, masunta da ma'aikatan gandun daji, a san lokacin da za a hana su da lokacin da za a buɗe, a kuma bar wa bisashe mashayarsu.

Abin riƙewa

- Abincin farko a shirya shi kwana 8 zuwa 10 kafin allura.
- Ba sange mai magani, ba mazubin maganin kaska.
- Ruwa ba ya taɓa ƙwai sai an zuba ruwan namiji.
- Ƙaramin cokali guda na ƙwai ga rabin tano.
- Kwana 3 na farko ba abinci. Bayan nan kaɗan-kaɗan, sau da yawa.
- Tsabta safe da marece, rabewa kowane sati.

Ka samu littafi ka riƙa rubuta ranar allura, zafin ruwa, lokacin tatsa, da yawan da suka mutu kowace rana. In abu ya ɓaci, littafin nan za ka kai wa ma'aikaci ku gano inda aka yi kuskure.

Tambayoyi don mahawara a ƙungiya

1. Mi ya sa babbar tarwaɗa ke rayuwa cikin taɓo, ɗiyanta kuwa su mutu cikin ruwan da ya ɗan lalace?
2. An yi allurar ipofiz ƙarfe 9 na dare, ruwa yana digiri 26. Ƙarfe nawa za a tatsa?
3. A garinku, wace rijiya ce ruwanta ya dace, wace ce mai kanwa?
4. Gida nawa ne za su iya haɗuwa a kan mace guda a damana mai zuwa, kuma wa zai kula da kwami in masu garke sun tafi?

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa wa garke da ruwa yalwa.